Ranar da Na Fasa Ƙotar Wuƙa

Ni ɗan maƙera ne da boko ya ɗauke. A gidanmu na Talata Mafara kakana ya yi ƙira, mahaifina ya yi, ƙanensa ma ya yi. Ni kuwa da aka ga hannuna ba shi da ƙarfin ɗaga masaba, wato gudumar ƙira, bakina kuma ba ya rufuwa, sai aka ce ai wannan malamin makaranta ne, aka tura ni. Na yi koyarwa har gwiwoyina suka ce sun gaji, na ajiye alli. Abin da ya rage mini na maƙera ido ne da kunne kawai. Ban taɓa ƙera wuƙar da za ta yanka albasa ba, amma in ka miƙo mini tsohuwar wuƙar farauta zan gaya maka ƙarfen da aka yi ta da shi, da zamanin da aka yi ta, wani lokaci har da hannun da ya riƙa wasa ta.

Baffana ne ya sa mini wannan ido, ƙanen mahaifina, mutum mai gajeren haƙuri da dogon tsaki. Mafarauta daga ƙauyukan Maradun da Bakura suna kawo masa wuƙaƙensu gyara, shi kuma kafin ya sa ko ɗaya a wuta sai ya ajiye ta a gabana ya ce in faɗi shekarunta. In na yi kuskure ba ya duka, tsaki zai ja ya ɗauke abarsa, tsakin kuwa ya fi dukan ciwo. A haka na gane ƙarfen tama, wanda kakanninmu suka narka da kansu daga dutse kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa. Shi yana da jijiya-jijiya a jiki kamar itace, yana da taushi, in ka ɗalle shi da farce sai ya amsa a taƙaice ya yi shiru. Na gane na sifirin ɗin mota, wanda ya shigo bayan manyan motoci sun fara mutuwa a hanyar Sakkwato, shi kuwa in ka ɗalle shi sai ya yi ta ƙara kamar ba zai daina ba. Akwai kuma wadda aka ƙera daga tsohon magagari, abin goge ƙarfe, wannan ko makaho ya shafa ta kusa da ƙota zai ji sauran haƙoran.

Bayan ƙarfe sai cin dutse. Wuƙar da aka shekara da shekaru ana wasawa a dutse cikinta ramewa yake yi, tsakiyar ruwanta ya lotsa, tsinin da gindin su fi shi faɗi. Gefe ɗaya kuma yana fin ɗaya cinyewa, domin kowa yana da hannun da ya fi danna dutse da shi. Injin wasa na yanzu ba ya haka. Shi zane yake bari a miƙe, layi-layi, ya kuma ƙona bakin wuƙar ya bar mata shuɗi-shuɗi.

Na yi shekaru ina wannan abu don nishaɗi. Kowace Talata, in kasuwa ta cika, ina zaune a rumfar wani abokina baduku mai ɗinka kube, mutane su yi ta kawo mini wuƙaƙen gado. Babu wanda ya taɓa kawo wadda ta yanka zomo. Kowace ɗaya zaki ta kashe, in mai ita yana da kunya sai ya sauko ya ce kura. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin kunyata mutane. Mutum zai zo yana hura hanci da wuƙar kakan kakansa, in ɗalle ta, ta yi ta ƙara, in tambaye shi ko kakan kakan nasa direban babbar mota ne. Rumfa ta ɗauki dariya. Akwai maganar da na fi yawan maimaitawa a wurin, har abokina ya haddace ta yana riga ni faɗa: cewa kada kowa ya kawo mini kube ko ƙota a matsayin shaida, domin kube ana sake shi, ƙota ma ana cire tsohuwa a sa wa sabon ƙarfe. Inda ba a iya yi wa ƙarya shi ne wutsiya, wato siririn ƙarfen nan da yake shigewa cikin ƙota, wanda ba rana ba dutse ba hannu da yake taɓa shi tun ranar da maƙeri ya soka shi da zafi. Na faɗi wannan magana ta fi a ƙirga, da alfahari kuma nake faɗinta.

Sai zamani ya juya mana baya. Daji ya samu wasu masu shi, mafarauta suka rataye bakansu, manoma suka fara noma iya inda za su hango rufin gidajensu. Wata irin wuƙa ta fito, doguwa, yankan inji, da ƙota naɗe da robar tayar babur, kowa ya san mutanen da ake ƙera wa ita. Mutane suka daina fitowa da wuƙa kasuwa, ko ta gado ce, don kada a yi musu wata fassara. Abokina baduku ya koma ɗinkin takalma. Ni ma na koma gida na zauna da rediyona, ina jin sunayen ƙauyukan da na taɓa koyarwa ana lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da jaje, na gaji da ta'aziyya, na gaji har da tambayar lafiyar mutane, saboda na san amsar.

Ran nan da rani, an idar da azahar ke nan, ina shirin kishingiɗa, sai ga babur a ƙofar gida. Ƙanen wani maigari ne, daga wani ƙauye gaba da Bakura ta hanyar Damri, inda na taɓa zama shekara huɗu ina koyarwa. Mutum ne magidanci, amma ko gaisuwa bai iya kaiwa ƙarshe ba. Ya ce yayansa ne ya aiko shi, wai in zo yanzu-yanzu in duba wata wuƙa. Raina ya ɓaci. Na ce masa da wannan rana da wannan gwiwa za a ɗora ni a babur saboda wuƙa, ita wuƙar ba ta hawa babur ne? Sai ya sunkuyar da kai ya ce ba wuƙar ba ce matsalar, mai ita ne. Masu tsaron gari sun kama wani baƙo da ita a ƙarƙashin riga, sun ce infoma ne mai kai wa mutanen daji labari, suna so su fita da shi bayan gari. Maigari ya roƙe su su dakata zuwa la'asar.

Ba sai an fassara wa kowa ma'anar bayan gari ba a shekarun nan. Mai ɗakina tana jin mu daga tsakar gida, ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba, hulata kawai ta miƙo mini ta tsaya tana kallona. Na hau babur ina ƙunƙuni. Hanya duk ramuka, kowane rami sai da ya gaisa da ƙuguna. Muka wuce gonakin da a da war haka suna kore da noman rani, yanzu rabinsu ƙasa ce tsirara. Abin da nake ta tunani a hanya, Allah Ya yafe mini, shi ne me ya sa sai ni.

Mun tarar da ƙofar gidan maigari cike da mutane, amma shiru. A jikin katanga wata mata tana zaune a ƙasa da ƙunshin kaya a cinya, ba ta kuka, ba ta kallon kowa. Aka ce mini matar baƙon ce. A cikin zaure shi kansa yana zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar akuya. Zai yi shekara hamsin, ramamme, dugadugansa duk faso. Maigari yana kan buzunsa, dattawa huɗu ko biyar a gefensa. A bakin ƙofa shugaban masu tsaron gari yana tsaye, na kuwa gane shi nan take, domin na koyar da shi a aji uku. Yanzu ya zama babban mutum da gemu. A hanya ƙanen maigari ya riga ya gaya mini cewa daminar da ta wuce aka ɗauke yayan wannan ɗalibin nawa a gona, har yau ba a ga ko takalminsa ba, kuma kowa ya yi imani wani ne ya nuna shi. Ya durƙusa ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi gwiwa, sannan ya miƙe ya koma inda yake, ya sake ɗaure fuska.

Maigari ya ba ni labari a taƙaice. Baƙon ya ce shi mutumin wani ƙauye ne can bayan Maradun, wanda aka tashe su wata biyar da suka wuce. Sun zauna nan, sun zauna can, yanzu suna neman wani dangin matarsa a wajen Dakko. Babu wanda ya san shi a nan, wayar da zai kira wani ya shaide shi ma babu, mutanen ƙauyensu kuwa sun watse. Ya ce mahaifinsa maharbi ne, wuƙar ta mahaifin ce, shi ma gadonta ya yi, ita kaɗai ya fito da ita daga gida. Masu tsaro suka ce ƙarya yake yi, wuƙar sabuwa ce fil, kubenta sabo, wanda kuwa ya yi ƙarya a kan wuƙa to sauran maganarsa ma ƙarya ce. Maigari ya ce sun amince da abu ɗaya: in na ce tsohuwa ce, na kuma nuna musu, za a kwance shi. In sabuwa ce, shi maigari zai cire bakinsa.

Aka ajiye mini ita a kan tabarma. Kuben sabo ne, babu gardama, har warin jima bai gama barinsa ba. Na zare wuƙar. Tana ƙyalli kamar cokalin amarya. Baƙin nan da tsohon ƙarfe yake yi a hankali, wanda shi ne abu na farko da kowa yake gane tsufa da shi, babu ko ɗigo. An goge ta har jijiyar ƙarfen ta ɓace. Da ni ma daga nesa na hango ta, sabuwa zan ce. Na juya wajen mutumin cikin fushi na tambaye shi wane ne ya yi wa wuƙa wannan aika-aika.

Bai ɗago kai ba ya ce, “Ni na, Malam. Tun da munka baro gida ban da aikin yi. Ba gona, ba bisashe. In na zamna sai in ɗauko ta in ta gogewa da toka da lemun tsami. Hannuna ne ba su iya zama haka nan.”

Kuben kuma, ya ce, ruwa ya doke su kwana biyu a hanya, tsohon ya ruɓe, wani baduku a Maradun ya tausaya masa ya ɗinka masa wannan. Fushin ya tafi, gajiya ta maye wurinsa. Mutumin nan ya zauna wata biyar yana goge shaidarsa da hannunsa, kullum kaɗan-kaɗan, don kawai ba shi da abin yi.

Na ɗalle ta kusa da kunnena. Ta amsa a taƙaice ta yi shiru. Na sake, haka. Tama ce, ko shakka ban yi ba. Na ɗaga ta saitin hasken ƙofa na ga cikinta ya rame irin ramewar da sai dutse da shekaru suke yi, babu zanen inji ko ɗaya. Na kwantar da ita a tafin hannuna na duba gefen da ya fi cinyewa, sai na ga ba gefen da aka saba ba ne. Wani daɗi irin na da ya taso mini, irin na rumfar baduku, na manta inda nake. Na dubi mutumin na ce, halan mahaifinka bahago ne?

Karo na farko ke nan da ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, “Bahago na.”

Dattawa suka yi gyaran murya, maigari ya sauke numfashi. Ni kuwa har na fara gyara zama irin na wanda ya gama aiki. Sai tsohon ɗalibina ya yi magana daga bakin ƙofa, cikin ladabi, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce mutumin da ke ɗaure, ko cewa na yi mahaifinsa mai ƙaho ne, ai zai ce e. Gaskiya ya faɗa. Shekara talatin da wani abu ina hana ƙananan malamai sa amsa a cikin tambaya, ga shi yau na yi, a ranar da ta fi kowace muhimmanci. Da na ce masa da wane hannu mahaifinka yake wasa wuƙa, da magana ta ƙare a nan. Na ɓarar da shaidar da ta fi kowace ƙarfi saboda son a ce na iya. Kunya ta kama ni.

Na koma kan sauti. Na ɗalle ta a kunnen kowane dattijo, na sa aka kawo wata wuƙar sifirin daga cikin gida na ɗalle musu su ji bambanci. Suka gyaɗa kai don kara, amma na ga a idonsu ba su ji komai ba. Abin da kunne ya shekara hamsin yana koyo ba ya shiga kunnen wani a zama ɗaya. Ni na sani, amma sanina ba abin da zan ɗora a tabarma kowa ya gani ba ne, mutanen da ke waje kuwa ba za su saki mutum a kan kunnen wani tsoho daga Mafara ba.

Sai na koma kan ƙota. Ƙirya ce, ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumi da mai, baƙon kuma bai goge ta da toka ba. A gefenta akwai wani ɗan lotsawa, daidai kwanciyar babban yatsa, yatsan hagu kuwa. Ƙirya itace ne mai taurin kai, kafin yatsan mutum ya yi mata rami sai an yi rayuwa guda ana riƙe ta. Na nuna wa maigari, na nuna wa dattawa, kowa ya sa yatsansa ya ji. Wannan kam sun gani.

Tsohon ɗalibina ya matso, shi ma ya sa yatsa, ya daɗe bai cire ba. Sannan ya ce, “Malam, ka gafarce ni. Ina nan tsaye rumfar baduku ran da kac ce ƙota ba shaida ba ta. Kai da bakinka kac ce ana cire tsohuwa a sa ma sabon ƙarfe. Kac ce wutsiya ɗai ba ta ƙarya.”

Ban taɓa jin na tsani muryata ba sai a ranar, da na ji ta tana fitowa daga bakin wani. Ba zan ce masa ban faɗa ba, rabin ƙasar nan sun ji ni. Ba kuma zan ce ƙarya na yi ba, domin gaskiya ce. Shi ma ba don mugunta ya tuna mini ba. Mutum ne da aka cuta, yana tsoron a sake cutarsa, ya kama abu ɗaya da malaminsa ya taɓa tabbatar masa.

Akwai hanyar cire ƙota ba tare da an lalata ta ba. Ana jiƙa mahaɗin da man gyaɗa ya kwana, a ɗan ɗumama, a riƙa bugawa a hankali, wani lokaci kwana biyu kafin ta saki. Na faɗa wa maigari haka. Ya dubi inuwar da ke ƙofar zaure, ni ma na duba. La'asar ta kusa, hayaniya kuma ta fara tashi a waje. Ya girgiza kai ya ce da ƙyar ya samu wannan jinkirin, ba shi da bakin neman wani. Saura hanya ɗaya ke nan, a fasa.

Na matsa kusa da mutumin na yi masa bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Na ce zan fasa ƙotar, abin da ke ciki zai fitar da shi, na tabbata. Na zaci zai ce in yi sauri. Sai ya dubi wuƙar, ya dube ni, ya ce, “Ku bar ta yadda take.”

Na ce bai fahimce ni ba, na sake maimaitawa. Ya ce ya fahimta. Ya ce in akwai wata hanya a bi, in babu, Allah Yana gani. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa matarka tana zaune a waje a cikin rana, kai kana nan kana yi mini gardama a kan guntun itace. Na faɗa masa maganganu masu zafi, har na kira shi mara tunani a gaban mutane, mutumin da hannunsa ke ɗaure. Ya mayar da kansa ƙasa, kuma bai ce ya yarda ba. Ina so in rubuta wannan a fili, domin daga baya na ji ana ba da labarin ana cewa shi ya roƙe ni. Bai roƙe ni ba, bai ba ni izini ba. Na sa aka aro gizago a gidan wani masassaƙi.

Na ɗora ƙotar a kan turmi da aka kifa. Na ɗaga gizagon da hannuna na malamin makaranta. Sara na farko ko gezau ƙiryar ba ta yi ba. Na biyu ya zame ya ɓantare gefe. A na uku ta buɗe, ta rabu gida huɗu, wani wari ya taso na tsohon hayaƙi da ƙaro, warin maƙerar gidanmu sak. Wutsiyar tana nan baƙa ƙirin, tsatsa ta hau kan tsatsa ta daskare, ta manne da gawayin da ƙarfen ya ƙona ranar da aka soka shi. Jijiyar tama kuwa ga ta a fili, har yaro zai gani. Sannan a jikinta an naɗe zare don ƙotar ta kama, ya yi baƙi ya ruɓe, amma kaurinsa bai daidaita ba, nan siriri can kauri. Wani dattijo ya ɗauki ɗan guntu ya murza a yatsunsa, ya ce wannan abawa ce, kaɗin hannu, rabonsa da ganin irinta tun mahaifiyarsa tana da rai.

Aka zagaya da ita hannu zuwa hannu, har waje. Tsohon ɗalibina ya karɓa ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya kankare tsatsar da farce, ya shinshina. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya ajiye ta a tabarma, ya durƙusa da kansa ya kwance igiyar, ya fita bai dubi kowa ba. Babu wanda ya ba baƙon haƙuri. Hayaniyar waje ta lafa, na ji mutane suna watsewa suna neman buta, ladan ya kira salla.

Na zauna a wurin, a raina ina jin na yi wani abu. Na ce wa mutumin kada ya damu, 'yan'uwana suna nan suna ƙira a Mafara, zan sa a sassaƙa masa sabuwar ƙota, ta ƙirya ma, wadda ta fi wannan kyau, ya zo ranar Talata ya karɓa. Yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci shi. Ya rarrafo ya tsince guntayen itacen ɗaya bayan ɗaya, har ƙananan da suka faɗa ƙarƙashin turmi. Ya haɗa manyan biyu a tafinsa yana neman su zauna. Saran ya bi ta tsakiyar ramin yatsan nan ya raba shi biyu. Ya sa babban yatsansa na hagu a wurin, guntayen suka zame.

Ya ce, ba da fushi ba, “Na gode, Malam. Amma ƙarfen ga maƙeri yay yi shi, ban ko san shi ba. Iccen ga, hannun baba yac ci shi. Kabarinai na can inda ba ni iya zuwa, ɗakinai an ƙone. Nan ɗai nika sa hannuna inda yas sa nashi.”

Matarsa ta leƙo daga ƙofa, ya miƙa mata guntayen, ta kwance bakin zanenta ta ƙulle su a ciki, ta ƙara ƙulli na biyu. Ya miƙe ya yi wa maigari sallama cikin ladabi, ya yi wa dattawa, ya yi mini. Har ya kai ƙofa maigari ya kira shi ya ce ya manta wuƙarsa. Ya juyo ya dube ta a kan tabarma, tsirara, ba ƙota, tana ƙyalli a sama baƙa a ƙasa.

Ya ce, “Ku aje ta, ranka shi daɗe, tunda ita kunka yarda da ita.”

Suka kama hanyar Dakko a ƙasa, shi a gaba, ita a baya da ƙunshinta a ka. Maigari ya tambaye ni yadda za a yi da ƙarfen. Na ce masa tama ce, mai kyau kuwa, ta girmi duk wanda ke cikin zauren nan, iyakar abin da na sani ke nan.